Musayar Tsara Da Tsara: Yadda Kwamfutoci Su Ke Raba Kaya A Tsakaninsu



In mutum ya shiga jirgin ƙasa a tsakiyar birnin Washington, wanda a ke yi wa alama da shuɗin launi, ya nufi gabas, bai sauka ba sai inda dogo ya ƙare, to, ya iso Largo ke nan, cikin jihar Maryland. A nan ne babbar harabar kwalejin gundumar Prince George's ta ke, wadda aka kafa a 1958. Ita wannan kwaleji, da sauran 'yan'uwanta duka na ƙasar Amurka waɗanda ɗalibansu ke samun taimakon kuɗi daga Gwamnati, akwai wata doka a kansu. An sa mata hannu a 2008, ta fara aiki sosai ran 1 ga Yuli, 2010. Dokar ta ce tilas kowace shekara a yi wa ɗalibai kashedi game da wata hanya ta sauke waƙoƙi da fina-finai daga intanet, a gaya musu irin tarar da ke jiran wanda aka kama. Tarar kuwa ba ta wasa ba ce: daga dala 750 zuwa dala 30,000 a kan kowace waƙa guda, in kuma an tabbatar da gangan aka yi, tana iya kaiwa dala 150,000.

Wace irin hanya ce wannan, har majalisar ƙasa ta zauna ta yi mata doka? Ita ce abin da za mu duba yau. Kada kuwa wani ya ce zancen Turawa ne bai shafe shi ba, domin yaron da ya miƙa wayarsa a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ce a tura masa fim, da yammacin ranar kuma ya tura wa abokansa biyar, yana cikin wannan sha'ani tsundum, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara daga tushe. Fayil shi ne duk abin da aka adana cikin kwamfuta ko wayar hannu aka sa masa suna, ko waƙa ce, ko hoto, ko littafi, ko fim. A cikin na'urar, duk waɗannan ba su wuce dogon jerin lambobi biyu ba, sifiri da ɗaya. Saboda haka fayil yana da wani hali wanda babu shi ga sauran kayan duniya. In ka ba maƙwabcinka mudun gero, naka ya ragu da mudu guda. In ka ba shi fayil, naka yana nan yadda ya ke, shi ma ya sami nasa cikakke. Waɗanda suka kalli fina-finan Indiya a kaset ɗin bidiyo na Ƙofar Wambai za su tuna yadda hoto ke dusashewa, murya ta shaƙe, in an juyi kaset daga kaset har sau uku ko huɗu. Fayil ba ya haka. Kwafi na dubu daidai ya ke da na fari, ba ragi ba ƙari.

Hanyar da aka saba bi wajen samun fayil a intanet ita ce a tafi wurin wata babbar kwamfuta wadda ke riƙe da shi, mu kira ta rumbu. Kowa ya je rumbun ya roƙa, rumbun ya aiko masa. Wannan daidai ya ke da gari mai rijiya ɗaya da guga ɗaya: in mutum goma ne, ba laifi, in kuwa gari duka ya taso, sai dogon layi da faɗa. A ce rumbun yana aika wa mutum ɗaya fim cikin minti guda, ga kuma mutum 1,000 suna jira. Kafin na ƙarshe ya samu, an yi minti 1,000, watau sa'a 16 da minti 40. Gwargwadon yadda abu ya yi farin jini, gwargwadon yadda samunsa ke wuya, mai rumbun kuma shi kaɗai ke biyan kuɗin layi.

To, yanzu a sake dabara. A ce duk wanda ya samu, nan take shi ma ya juya ya ba wani. Bayan minti ɗaya masu fim sun zama 2, bayan minti biyu sun zama 4, sa'an nan 8, 16, 32, haka haka, har a minti na goma sun kai 1,024. Aikin da zai ci kusan sa'a 17 ya ƙare cikin minti 10. Wannan shi ne a ke kira musayar tsara da tsara, domin kowace kwamfuta tana karɓa tana bayarwa, babu uba babu ɗa a cikinsu, duk sa'o'in juna ne. A nan, yawan masu nema shi ke ƙara sauri.

Wanda ya fara kai wannan dabara ga talakawan duniya wani yaro ne ɗan shekara 18, Shawn Fanning, ɗalibi a Jami'ar Northeastern ta birnin Boston. A watan Yuni na 1999 ya fito da wata manhaja mai suna Napster. Lokacin ya yi masa daidai, gama masana a Jamus sun riga sun ƙago MP3, hanyar matse waƙa ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmanta, har ta iya bin layin tarho na wancan zamani. Napster ba ta ajiye waƙa ko ɗaya ba. Abin da ta riƙe kawai littafin sunaye ne: wane yana da waƙa kaza, wane yana da kaza. Ka tambaya, ta nuna maka mai ita, kwamfutarka ta tafi kai tsaye ta karɓo. Aikin dillali ke nan. Kafin a ce me, mutane miliyoyi sun shiga, ɗaliban jami'o'i kuwa har suka cushe layukan makarantunsu.

Amma dillali yana da gida, kuma an san ƙofarsa. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, wadda hedkwatarta ke nan Washington, ta kai ƙara a Disamba 1999, mawaƙan Metallica suka bi baya a Afrilu 2000, kotu ta goyi bayansu, a Yuli 2001 aka rufe littafin sunayen, Napster ta mutu.

Kafin ta mutu an riga an haifi magajiyarta. A Maris 2000 wasu samari biyu, Justin Frankel da Tom Pepper, suka saki wata manhaja, Gnutella, wadda ba ta bukatar dillali ko kaɗan. Kwamfutarka ta tambayi maƙwabtanta, su kuma su tambayi nasu maƙwabtan, kamar yadda cigiya ke bin gari baki da baki, har a dace da mai abin. Wani abin dariya, samarin nan ma'aikatan wani reshe ne na kamfanin AOL, mai hedkwata a lokacin a Dulles ta jihar Virginia, can ɗaya gefen Washington daga Largo, kamfanin kuwa yana cikin shirin haɗewa da Time Warner, ɗaya daga manyan masu faifai na duniya. Shugabanni suka sa aka janye manhajar cikin kwana guda. Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe, mutane sun kwafe, sun gano yadda ta ke aiki, sun ƙera nasu. Daga nan LimeWire ta fito. Kazaa da Grokster kuma suka zo da irin tasu hanyar.

Wadda ta fi su duka wayo, wadda kuma har yau a ke aiki da ita, ita ce BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a Yuli 2001. Za mu daɗe kaɗan a kanta, domin a nan ainihin ilmin ya ke. In kuna so ku gane ta, ku tuna da yadda littattafan malamanmu na dā su ke: warƙa warƙa ne, ba a ɗinke ba, a haɗa su a sa cikin gafaka.

A ce wani malami baƙo, a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya sauka a gari da wani littafi mai warƙa 300 wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar. Kwana uku kaɗai zai yi. Marubuci ɗaya, a ce yana iya juyar warƙa 10 a yini, sai ya yi wata guda kafin ya gama, baƙo kuwa ba zai jira ba. Sai babban malamin gari ya kira almajirai goma, ya raba musu warƙoƙin, kowa 30. Ran da baƙo ya ɗaure kayansa, babu almajiri ko ɗaya mai cikakken littafi, amma fa littafin duka yana cikin gari. Abin da ya rage sai musaya: ba ni naka in juya, ga nawa ka juya. Ba kuma sai wani ya gama ba kafin ya fara ba da aro. Wanda ke da warƙa ɗaya tak, yana da abin da sauran tara ke bukata.

Haka BitTorrent ta ke yi. Ta yanyanka fayil guntu guntu, sau da yawa kowane guntu kilobayit 256, ta yadda fim mai gigabayit ɗaya zai tashi guntaye 4,096. Kwamfutarka tana karɓar guntu na 7 daga wani a Masar, na 900 daga wani a Brazil, na 3,000 daga wani a Largo, duk a lokaci guda, tana kuma miƙa wa wasu waɗanda ta riga ta samu. Wanda ke da fayil cikakke ya ci gaba da bayarwa, ana ce da shi mai iri. Wanda ya sha ya ƙoshi ya tsere bai ba kowa ba, masu wannan harka sun sa masa suna matsattsaku, sunan kuwa ya dace.

Wane guntu za a fara nema? Mutum zai ce a fara daga na ɗaya a bi jeri. Kuskure ne. In almajirai goma duka suka rufar wa warƙar farko, baƙo ya tashi da asuba ba sallama, sai a wayi gari da kwafi goma na farkon littafi, ƙarshensa kuwa ya tafi har abada. Saboda haka Cohen ya sa kowace kwamfuta ta duba guntun da ya fi ƙaranci a cikin taron, ta fara neman shi. Ta haka ba a barin wani guntu ya zama a hannun mutum ɗaya ya daɗe. Duk da haka, in masu iri suka watse duka alhali akwai guntu ɗaya da babu mai shi, sai kowa ya tsaya cik a kashi 99 cikin 100, ya yi ta jira kamar mai jiran gawon shanu.

Akwai sauran tambaya. Mutumin da ba ka sani ba, a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, ya aiko maka da guntu. Yaya za ka san bai yi kuskure ba, ko bai sa maka ƙarya da gangan ba? Malamai su kan zauna su gwada kwafi da asali, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa. Kwamfuta ba ta da asalin a hannu, sai ta bi ta hanyar lissafi. Wanda ya fara sakin fayil ya kan bi kowane guntu ya yi masa wani lissafi mai suna SHA-1, wanda ke tattara dukan lambobin guntun ya fitar da wani ɗan hatimi mai tsawon bayit 20. In aka sāke ko da ɗigo ɗaya a cikin guntun, hatimin zai fito dabam sarai. Waɗannan hatimai su a ke jerawa cikin wata 'yar takarda, ita ce mutum ke fara saukewa. Duk guntun da ya iso, kwamfuta ta sake lissafin, in ya dace da hatimi ta karɓa, in bai dace ba ta yar, ta nemi wani. A 2017 masana na Google da na wata cibiyar lissafi a Amsterdam suka nuna ana iya ƙera fayil biyu masu hatimin SHA-1 iri ɗaya, ko da ya ke da aiki mai tsananin tsada. Sabon tsarin BitTorrent ya koma ga wani lissafi mafi ƙarfi, SHA-256.

Amma ku lura da abu guda. Hatimi yana shaida cewa abin da ka samu shi ne abin da mai sakin ya saka. Ba ya shaida cewa mai sakin mutumin kirki ne. In ya lulluɓe cutar kwamfuta cikin abin da ya kira fim, za ta iso maka lafiya lau, ba ko ƙwarzane.

Sai maganar matsattsaku. Me zai sa mutum ya ba da layinsa ga baƙi, alhali yana iya karɓa ya yi shiru? Cohen bai dogara ga kirkin 'yan Adam ba, sai ya gina ƙa'idar ba ni gishiri in ba ka manda a cikin manhajar kanta. Kowace kwamfuta ta zaɓi huɗu daga cikin waɗanda suka fi ba ta da sauri, su ta ke ba, sauran ta rufe musu ƙofa. Bayan kowace daƙiƙa 10 ta sake duba lissafi. To, sabon shiga fa, wanda ba shi da ko guntu ɗaya da zai yi musaya da shi? An yi masa tanadi: kowace daƙiƙa 30 kwamfuta ta kan buɗe wa wani mutum guda ƙofa haka kawai, ba don ya ba ta kome ba. Da wannan ɗan jari sabon shiga ke fara ciniki, ita kuma ta kan dace da abokin hulɗa wanda ya fi na dā.

Shekaru aka yi ana yabon wannan tsari, ana cewa ya kashe rowa. Sai wasu masana na Jami'ar Maryland da ke College Park, cikin gunduma ɗaya da Largo, suka zauna suka bincike shi da kyau. Su ne Dave Levin, da Katrina LaCurts, da Neil Spring, da Bobby Bhattacharjee. A 2008 suka bayyana cewa abin da ke gudana ya fi kama da gwanjo. Ga dalili. Tun da ya ke kwamfuta tana raba layinta daidai wa daida ga mutum huɗun da suka ci, to, wanda ya zo na huɗu da ƙyar yana samun rabo ɗaya da wanda ya zo na ɗaya da hannu sake. Mai wayo sai ya riƙa taya kaɗan, gwargwadon abin da zai sa shi cikin huɗun kawai, ya kai ragowar layinsa wasu wuraren gwanjo ya ci can ma. Suka kuma nuna mutum yana iya ɓoye wasu guntayen da ya ke da su, don a daɗe ana bukatarsa, kamar ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi. Maganin da suka kawo shi ne a ba kowa gwargwadon abin da ya bayar: wanda ya kawo kashi 10 ya sami kashi 10, wanda ya kawo kashi 50 ya sami 50. Ni a ganina wannan shi ne wuri mafi daɗi a labarin duka, domin injiniyoyi sun tashi gyaran wayoyi da lambobi, sun ɓuge da nazarin halin ɗan Adam a kasuwa.

Yanzu mu koma ga kashedin da a ke yi wa ɗalibai. Yaya a ke kama mutum yana cikin ɗakinsa, ƙofa a rufe? Ai da sauƙi. Kowace na'ura a intanet tana da lambar adireshi, in ba haka ba saƙo ba zai san inda zai sauka ba. A musayar tsara da tsara kuwa, tilas duk wanda ke cikin taron ya ga lambar ɗan'uwansa. Wakilin mai fim sai ya shiga taron kamar kowa, ya rubuta lambobin da ya gani da lokaci, ya je kotu ta tilasta wa kamfanin layi ya faɗi mai lambar. Kuma tun da ya ke mai saukewa yana bayarwa a lokaci guda, a idon shari'a ya zama mai rarrabawa, laifin da ya fi nauyi. A Satumba 2003 RIAA ta kai ƙarar mutum 261 rana ɗaya, kafin ta daina a ƙarshen 2008 ta bi fiye da mutum 30,000. Yawancinsu sun biya 'yan dubban daloli aka rufe magana. Wata mata a jihar Minnesota ta ƙi, ta ce sai kotu. A 2007 aka ci ta tarar dala 222,000 saboda waƙa 24, watau dala 9,250 kowace waƙa. Aka sake shari'a a 2009, tara ta haura dala 1,920,000. Daga bisani kotun ɗaukaka ƙara ta mai da ita 222,000, a 2013 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar. Ko wanda ke ƙin satar fasaha ƙwarai zai yarda an sa gatari wajen kashe sauro.

Su masu ƙera manhajar kuwa, tasu ta ƙare ne a Kotun Ƙoli, nan Washington. Tun 1984 kotun ta yanke cewa kamfanin Sony ba shi da laifi don ya sayar da na'urar ɗaukar bidiyo, tun da na'urar tana da amfani na halal mai yawa. Grokster ta fake da wannan hukunci. Ran 27 ga Yuni, 2005, alƙalai tara baki ɗaya suka ce ƙera kayan aiki dabam, kiran mutane su zo su yi ɓarna da shi dabam. Wanda ya tallata manhajarsa da niyyar a keta haƙƙin masu fasaha, alhakin yana wuyansa. Maƙeri ba ya amsa laifin wuƙa, sai fa in shi ya nuna wa ɓarawo ƙofar gida. A Oktoba 2010 wata kotu a New York ta rufe LimeWire, shekara mai zuwa masu ita suka yarda za su biya dala miliyan 105.

Ɗaya daga cikin alƙalan nan tara, Stephen Breyer, ya ɗanɗani wani gefen abin da kansa. Irin su LimeWire su kan buɗe wa duniya wani sashe na kwamfutar mutum, in bai lura ba kuwa, sai ya buɗe har inda asirinsa ya ke. A 2008 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani ma'aikaci a wani kamfanin zuba jari a McLean, jihar Virginia, wanda ya sa LimeWire a kwamfutar ofis. Sunaye da ranakun haihuwa da lambobin shaida na mutum wajen 2,000 suka fita fili, har da na Mai Shari'a Breyer. A Oktoba 2009 kuma wata takardar asiri ta kwamitin ɗa'a na Majalisar Wakilai, mai ɗauke da sunayen 'yan majalisa fiye da 30 da a ke bincike a kansu, ta fita ta irin wannan ƙofa, daga kwamfutar gida ta wani ƙaramin ma'aikaci. Ba wanda ya fasa ko'ina, ƙofa aka bari a buɗe.

Kada wannan ya sa a ɗauka dabarar kanta haramun ce. Masu rarraba Linux, manhajar da a ke bayarwa kyauta, da BitTorrent su ke rage wa kansu kuɗin layi. A Agusta 2012 babban ɗakin ajiya na Internet Archive ya buɗe fiye da fayil miliyan ɗaya na littattafai da waƙoƙi da fina-finai ta wannan hanya. Tun daga Windows 10 na 2015, kwamfutoci su kan karɓi gyare-gyarensu daga 'yan'uwansu na ofis ɗaya maimakon kowace ta je rumbun Microsoft. Abin da ya rage satar waƙa a Amurka da Turai kuwa, a ganina, tsoron kotu bai kai sauƙin saye ba: da Netflix ya fara aiko fim ta intanet a 2007, Spotify kuma ya zo da waƙa a 2008, mutane da yawa suka ga biyan ɗan kuɗi kowane wata ya fi musu wahalar nema da fargabar cuta.

A ƙasar Hausa labarin ya bi wata hanya dabam. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma an daɗe layin intanet yana da tsada da rauni, saboda haka musayarmu ba ta bi ta teku ba, hannu da hannu aka yi ta. Da farko Bluetooth, mai kaiwa kamar mita 10, da ɗan katin memori da a ke zarewa daga waya a sa a wata. Daga baya irin su Xender suka zo, inda waya ɗaya ke kunna 'yar tashar iska tata ta kanta, ɗayar ta kama, fim ya wuce cikin ɗan lokaci ba tare da an taɓa kuɗin data ba. Mai shago da kwamfuta a bakin kasuwa shi ne mai iri, zauren hira da tashar mota da makaranta su ne taron. Babu lambar adireshi da wani wakili zai rubuta, babu kamfanin layi da za a tambaya.

Wannan hanya ta ɗaga wani, ta kayar da wani. Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar, ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke aiki da ita. Ba wani kamfani da ya fitar da su kasuwa a lokacin. Daga waya zuwa waya suka ratsa hamada har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su a garin Kidal yana tattara waƙoƙi daga katunan mutane. A 2011 ya buga faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, bayan ya sha wahalar neman mawaƙan ɗaya ɗaya don ya biya su rabonsu, gama fayil ɗin da ya yi yawo hannu da hannu sau da yawa ba ya ɗauke da sunan mai shi. Daga nan Mdou Moctar ya shiga zagaya Turai da Amurka, a 2021 kamfanin Matador na New York ya fitar da faifansa Afrique Victime.

Masu shirya fim a Kano ba za su ba da labarin da daɗi haka ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, sana'ar ta tsaya ne a kan sayar da abu mai jiki, kaset tukuna, sa'an nan faifan CD, ta hannun 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai. Ko a wancan lokaci akwai masu juyar kaset ba izini, amma su sai sun sayi kaset, sun sayi na'ura, sun ɓata lokaci. Da fim ya zama fayil, wannan shinge ya faɗi: mutum ɗaya ya saya, unguwa duka ta kalla. A cikin shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, da ita kuwa abincin marubuci, da mai ɗaukar hoto, da mai haɗa sauti, da yaron shago. Shi mawaƙi yana da biki da dandali inda zai mai da farin jininsa kuɗi. Mai fim ya riga ya zuba jarinsa duka kafin kowa ya gani, ba shi da wani wurin da zai fanshe.

Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. A cikinta mai fasaha yana iya aika wa kamfanin intanet takarda ya sa a cire aikinsa da aka ɗora ba izini. Wannan yana da amfani ga abin da ke kan rumbu, amma waya biyu a ƙarƙashin bishiya ba su da wanda za a aika wa takarda. Masu fim da yawa sun koma shirya labari mai dogon zango, kashi kashi, suna sa wa a talabijin kamar Arewa24 da aka buɗe a 2014, ko a YouTube, inda kallo kyauta ne, kuɗi kuwa daga talla ya ke fitowa gwargwadon yawan masu kallo. Sai dai lissafin yana ƙirga wanda ya kalla a can ne kaɗai. In mutum ɗaya ya sauke kashi na wannan mako ya tura wa ashirin, ashirin suka tura wa ɗari huɗu, a littafin mai fim mutum ɗaya ne ya kalla.

A nan za mu dakata, jama'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.